Wayarka ce, amma lokacin na oga ne: ina iyakar dokar hana danna waya a wurin aiki?

Idan ka taɓa neman aiki a kantin zamani, ko gidan mai, ko asibitin kuɗi, ko makaranta mai zaman kanta a 'yan shekarun nan, da wuya a ce ba ka ci karo da wannan sharaɗi ba: ba a danna waya a lokacin aiki. A wani wurin takarda ce aka manna a bango. A wani wurin kwali ne ko durowa a bakin ƙofa, kowa ya jefa wayarsa da safe, sai an tashi ya karɓa. A wani wurin kuwa babu takarda babu kwali, ranar da oga ya shigo ransa a ɓace ya gan ka da waya, ranar ce za ka ji cewa akwai doka, kuma an yanke maka dubu biyu a albashi.

Mu matasa mu ne abin ya fi shafa. Mu ne masu zuwa aikin sanin makama daga jami'a da kwalejin kimiyya, mu ne masu hidimar ƙasa, mu ne ke tsaye a bayan kanta, mu ne ke riƙe da na'urar POS ta wani. Mu ne kuma waɗanda waya ta zame wa kasuwa, banki, aji da majalisa duk a haɗe. Don haka duk lokacin da maganar ta taso sai ka ga an rabu gida biyu, wasu na cewa ai zalunci ne, wasu na cewa yaran yanzu ne ba sa son aiki. Ni dai a nawa ganin, tambayar ko a hana ko kar a hana ba ta kai ko'ina. Abin dubawa shi ne wace irin doka ce, a wane irin aiki, kuma me shi mai aikin ya ɗauka wa kansa a madadin abin da ya hana ka.

Gaskiyar da ba ma son ji

Bari mu fara da namu ɓangaren. Wanda ya ɗauke ka aiki lokacinka ya saya. Daga ƙarfe takwas zuwa huɗu ko biyar, hankalinka yake biya, ba zamanka a kan kujera ba. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka tuna ranar da ka shiga wani shago, ka yi sallama sau biyu, mai jiran shagon bai ɗago ba saboda yana kallon bidiyo, da ya ɗago kuma ya ce maka "babu" ba tare da ya duba ba. Ka koma shagon? To haka shi ma mai shagon yake asarar kwastoma ɗaya bayan ɗaya, bai ma san dalili ba.

Kuma kar mu yaudari kanmu da cewa ai muna iya haɗa biyu. Taura biyu ba ta taunuwa. A shekarar 2017 wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Adrian Ward na Jami'ar Texas da ke Austin a Amurka sun gwada ɗalibai kusan 800. Wasu aka ce su ajiye waya a kan tebur, wasu a aljihu ko jaka, wasu a wani ɗaki daban, sannan aka ba su aikin da ke buƙatar natsuwa. Waɗanda wayarsu ke wani ɗaki su suka fi yin ƙoƙari. Wasu da suka maimaita gwajin daga baya ba su ga bambanci mai ƙarfi haka ba, amma kai ma shaida ne a kan kanka: sau nawa ka ce bari in duba saƙo ɗaya, ka farga minti ashirin sun wuce kana TikTok? Waɗannan manhajoji an gina su ne don su riƙe ka, da haka masu su ke samun kuɗin talla.

A wasu ayyukan kuma maganar ta wuce asarar kwastoma, rai ne a ciki. Ranar 12 ga Satumbar 2008, wani jirgin ƙasa na fasinja ya yi taho-mu-gama da jirgin ɗaukar kaya a Chatsworth da ke jihar California. Mutum 25 suka mutu. Bincike ya gano cewa direban jirgin fasinjan yana tura saƙon tes, ya wuce jar danja bai tsaya ba, kuma saƙonsa na ƙarshe ya fita daƙiƙa 22 kafin karon. Bayan wannan ne hukumar jiragen ƙasa ta Amurka ta hana ma'aikatan jirgi amfani da wayoyinsu a bakin aiki. A nan gida ma, amfani da waya yayin tuƙi laifi ne da jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ke cin tara a kai. Direban motar kamfani, mai kula da injin niƙa ko injin yankan katako, ma'aikaciyar jinya mai lissafin allura, malamar da aka bar wa yara 'yan shekara uku, duk waɗannan idan an ce su ajiye waya babu wani zalunci a ciki.

Akwai kuma batun sirri. Wayarka kyamara ce, kuma gidan talabijin ce. A Disambar 2022 wasu ma'aikatan jinya a wani asibiti da ke Atlanta sun yi bidiyon TikTok suna shaƙiyanci kan halayen masu naƙuda, bidiyon ya yaɗu, aikinsu ya tafi. A Najeriya, tun watan Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a, kuma akwai hukumar da ke kula da ita. Idan ka ɗauki hoton katin marar lafiya, ko takardar asusun wani kwastoma, ko sakamakon jarrabawar ɗan wani ka ɗora a intanet, ka jawo wa wurin aikinka magana, kai ma ba za ka fita ba. Ko da nufinka wasa ne kawai.

Inda dokar ke zama danniya

To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Matsalar yawancin dokokin waya a wuraren aikinmu ita ce ba su san bambanci tsakanin mai kallon wasan barkwanci da wanda aka kira daga gida ba.

Ke da kika bar jaririya a hannun kaka, kai da mahaifinka ke fama da hawan jini, kai da ƙaninka ya kama hanyar Kaduna ko Gusau da safe kuma ba za ka samu natsuwa ba sai ka ji ya sauka, wayar nan ba kayan wasa ba ce a wurinku. A ƙasar da mutum ke fita bai san me zai tarar a hanya ba, a kulle wayarsa a durowa awa goma ba tare da wata hanyar da za a same shi ba, wannan hukunta iyalinsa ne gaba ɗaya.

Kamfanin Amazon ya koyi wannan darasi da tsada. Shekaru da dama ya hana ma'aikatan rumbunan ajiyarsa shiga da waya, sai dai su bar ta a mota ko a akwatin ajiya. Lokacin korona ya sassauta, yana kuma shirin dawo da dokar. Sai ga shi ranar 10 ga Disambar 2021 mahaukaciyar guguwa ta rusa wani rumbunsa a Edwardsville da ke jihar Illinois, mutum shida suka mutu. Ma'aikata suka tashi da magana ɗaya: ta waya muke samun gargaɗin yanayi, ta waya za mu kira a cece mu ko mu yi bankwana da iyalanmu. A watan Afrilun 2022 kamfanin ya sanar cewa ma'aikata za su ci gaba da riƙe wayoyinsu dindindin. Kamfanin da ke ƙirga daƙiƙoƙin ma'aikaci ke nan ya yarda cewa raba mutum da wayarsa kwata-kwata ya wuce gona da iri. Ina ga mai kantin da ke da yara biyar?

Na biyu, wanzami ba ya son jarfa. Sau da yawa dokar ta ƙananan ma'aikata ce kawai. Manaja na zaune yana hira a WhatsApp da ƙafa ɗaya kan ɗaya, ɗan oga na ɗaukar bidiyo a cikin shagon, amma mai shara ce za a ci tara don ta amsa kiran mijinta. Dokar da ke da ido ɗaya ba ta gyara aiki, sai dai ta koya wa mutane ɓuya. Shi ya sa za ka ga ma'aikaci yana zuwa bayi sau bakwai a yini.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Wannan wayar da aka ce kar ka taɓa, ita ce fa ake aikin kamfanin da ita. Da ita kake tura wa kwastoma hoton kaya, da ita kake duba ko kuɗi sun shigo, da lambarka ake kiran mai kawo kaya, a cikinta guruf ɗin ma'aikata yake. Data taka, katin kira naka, caji naka, idan ta faɗi ta fashe gyara naka. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne tun Yulin 2024, shi ma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato yawancin shaguna da ƙananan makarantun da ke ɗaukar matasa. Mutumin da ke karɓar abin da bai kai wannan ba, yana ciyar da aikin oga daga aljihunsa, sannan a ce wayar haram ce a gare shi idan ta zo kan buƙatarsa. Ina adalci a nan?

Me dokar ƙasa ta ce?

Dokar ƙwadago ta Najeriya tsohuwa ce, tun shekarun 1970, kafin a san wayar hannu, don haka ba ta ambaci waya ba. Mai aiki na da damar kafa ƙa'idojin wurin aikinsa. Amma akwai wurare huɗu da ya kamata ka riƙe a ka.

Sashe na 7 ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su cika da farawa. Don haka neman a rubuta maka ƙa'ida ba rashin kunya ba ne.

Sashe na 5 ya hana yanke albashi da sunan tara. Abin da ya yarda da shi shi ne a cire wani abu daidai misali idan ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko ta sakaci, shi ma sai jami'in ƙwadago mai izini ya amince a rubuce tukuna. Ke nan wannan al'ada ta "na gan ka da waya, an cire dubu biyu" ba ta da gindin zama a doka. Ana iya yi maka gargaɗi, ana iya ba ka takardar tuhuma, idan ka ƙi ji ana iya sallamarka bisa ƙa'ida, amma albashinka ba asusun tara ba ne.

Sashe na 13 ya ce wanda ke aikin awa shida ko fiye a yini yana da hutun da bai gaza awa ɗaya ba idan aka haɗa, da kuma hutun yini guda a kowane mako. Wannan lokacin hutun naka ne. Sallah za ka yi, abinci za ka ci, ko Instagram za ka leƙa, ba ruwan kowa.

Sai kuma sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya kare sirrin ɗan ƙasa, har da saƙonninsa da maganganunsa na waya. A ce ka ajiye waya daban, a ce buɗe mu ga da wa kake hira daban. Na biyun ba hurumin oga ba ne.

Sai dai ka sani, dokar ƙwadagon ta fi magana ne kan masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis. Manyan ma'aikata da ƙwararru, takardar yarjejeniyar da suka sa wa hannu ita ce madogararsu, kuma kotun ma'aikata ta ƙasa ce ke sauraron irin waɗannan ƙararraki. Na kuma san abin da za ka ce: wa zai kai oga kotu a kan dubu biyu, alhali mutum ashirin na jiran kujerar? Gaskiya ne. Amma wanda ya san haƙƙinsa ko magana zai yi daban take fita, kuma masu aiki da yawa ba mugunta ce ke sa su ba, su ma ba su san dokar ba ne.

Idan lokacin aiki nasa ne, dare na waye?

Ga inda nake son mu tsaya sosai. Idan hujjar hana ka waya ita ce daga takwas zuwa biyar lokacin mai aiki ne, to wannan hujjar da kanta ta ce daga biyar zuwa wayewar gari lokacinka ne. Amma me ke faruwa? Ƙarfe goma sha ɗaya na dare saƙo ya shigo guruf: gobe kowa ya zo ƙarfe bakwai. Ranar Lahadi kana gidan biki a kira ka, ina lissafin jiya? Ka ga saƙo ba ka amsa ba, shuɗin layi biyu ya tona maka asiri, Litinin ka sha faɗa. Waya ta shigo da gida cikin ofis, shi ya sa oga ke fushi. Amma ta kuma kai ofis har kan katifarka, a nan kuma ba ka ji kowa ya yi doka ba.

Wasu ƙasashe sun riga sun taɓo wannan. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 Faransa ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su zauna da ma'aikatansu su tsara yadda mutum zai iya kashe na'urarsa bayan an tashi. Fotugal ta yi doka a ƙarshen 2021 da ta hana masu aiki tuntuɓar ma'aikaci a lokacin hutunsa sai da larura mai ƙarfi. A Ostireliya, daga Agustan 2024 ma'aikaci na da 'yancin ƙin duba ko amsa saƙon aiki bayan an tashi, matuƙar ƙin nasa bai saɓa wa hankali ba. Mu ba mu da irin wannan doka tukuna, kuma ba na tsammanin ita ce a gaban 'yan majalisa yanzu. Amma ba sai an jira Abuja ba kafin mai makaranta a Zariya ko mai kanti a Kano ya ce wa ma'aikatansa: bayan Isha'i babu saƙon aiki sai gobara ta tashi. Wanda ya yi haka, idan ya ce a ajiye waya da rana, ba zai sha musu ba.

Dokar da za ta zauna

Idan kai ne mai aikin, ko kana shirin zama, don da yawanmu sana'a za mu kama bayan karatu, ka rubuta dokar ka karanta wa mutum ranar da ya fara. Ka faɗi wuri da lokaci: ba a gaban kwastoma ba, ba a kan inji ba, ba a cikin aji ba, ba a ɗaukar hoton takardun mutane. Ka bar ƙofar gaggawa, ko dai waya ta zauna a aljihu babu ƙara, ko ka ba da lambar ofis da iyali za su kira kuma a tabbata ana ɗauka. Idan ka karɓi wayoyi ka ajiye, amana ce a hannunka, in ta ɓata kai za ka biya. Idan da wayar ma'aikaci ake aikinka, ka sa masa data ko ka sayi wayar shago. Kuma dokar ta fara daga kanka.

Idan kuma ke ce ko kai ne ma'aikacin, ka yi tambaya tun ranar farko, kafin a kai ga rigima: Ranka ya daɗe, mene ne tsarinku kan waya, kuma idan an neme ni daga gida ta ina za a same ni? Wannan tambaya ba ta taɓa rage wa kowa daraja. Ka kashe sanarwar manhajojin da ba su da alaƙa da aiki. Ka gaya wa abokai lokacin da kake hutu, wanda ya damu da kai zai jira. Idan kana da 'yar kasuwarka ta intanet, kamar yadda da yawanmu ke sayar da turare, atamfa ko takalma don albashi ba ya kai wata, ka sa amsa ta atomatik, ka tara odar zuwa lokacin hutu. Gudanar da kasuwarka a lokacin da wani ya biya, ko me za mu kira shi, cin amana ne. Kar ka ɗauki bidiyo da kayan aiki ko a cikin wurin aiki sai da izini, don bidiyon minti ɗaya na iya bin ka har wurin neman aiki na gaba. Idan an yanke maka albashi saboda waya, ka rubuta rana da adadin, ka nemi ganin oga kai kaɗai cikin ladabi, ka nuna masa abin da sashe na 5 ya ce. Idan ku da yawa ne abin ya shafa, ku je tare. Kar ka fara da zuwa Facebook, wannan shi ne zai mayar da mai gaskiya mai laifi.

Ana yawan cewa matasan yanzu ba sa iya awa ɗaya babu waya. Hanya mafi sauƙi ta ƙaryata wannan ita ce a ga aikinka ya fita tsaf, kwastoma ya tafi yana yabo. Wanda aka san shi da haka, ranar da ya ce "Oga, don Allah a daina turo mana saƙo tsakar dare," za a saurare shi. Wanda kuwa kullum kansa ke sunkuye a kan allo, ko gaskiya ya faɗa, za a ce ai wayar ce ke magana.